Ƙamusun Sallau

A Bakin Dogo, inda motoci ke sauke kwanduna
tun ladan bai gama gyaran murya ba,
akwai rumfar da kayan miya ba sa amsa sunan yanka.
Ta Sallau ce, ta uku daga famfo,
tsofaffin buhuna ne inuwarta.

Shekara goma sha ɗaya ina cefane a gabansa,
ban taɓa jin ya ce albasa ba.
Sai dai, "Hajiya, Gaskiya ta nawa za a zuba?"
Na ce, wace irin gaskiya kuma?
Ya ce, "Je ki gida ki yanka.
Wa ya taɓa jin ta idonsa bai kawo ruwa ba?"

Kuɓewa, Lauya ce.
Ka kama nan, ta zame can.
Attaruhu Kofur, gajere, ja, ba ya jin ban haƙuri.
Tattasai wansa ne, Manjo mai ritaya,
ga kaki, ga tumbi, faɗa ya ƙare.
Kabeji Alhaji Riga-goma,
kana tuɓe shi kana tuɓewa har ka rasa mutumin.
Karas kuwa Ɗan-boko,
ba ya shiga miyar kuka,
sai ran da aka yi baƙi aka dafa shinkafa.

Wata rana Zulai ta dawo daga makaranta
ta ce Turawa ma haka suke,
dankali na da sunan wasa a bakinsu, har kabewa.
Ta faɗo kalmomin ɗaya bayan ɗaya,
suka sulɓe mini kamar Lauya a cokali.
Na kai wa Sallau labari.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.
"Ashe su ma sun zauna da tukunya har sun saba.
Ai ba a yi wa baƙo laƙabi."

Tumatir kaɗai bai riƙe suna ɗaya ba.
Da rani, kwando na zubar da jini a bakin titi,
Ɗan-gida ne, kowa ya taka.
Damina na sauka, huɗu a faranti,
sai ya koma Ranka-ya-daɗe.
Shekarar da tsutsa ta cinye gonaki
na tambaya, ya cire hula:
"Marigayi? Sai dai na gwangwani, Hajiya.
Hotonsa ke nan."

Bara na yi jinyar ƙafa, wata uku ban fita ba.
Na dawo na tarar an yi wa rumfar kwano,
ga sikeli, ga na'urar karɓar kuɗi,
ga wani saurayi mai irin kunnuwan Sallau.
Na ce, ina mai rumfar?
Ya dubi ƙasa. "Jiya aka yi arba'in."

Na tsaya. Masu baro na ta neman hanya.
Bakina ya riga hankalina:
"Ba ni Lauya ta ɗari biyar, da Kofur kashi ɗaya."
Bai tambaya ba.
Hannunsa ya tafi kai tsaye kan kuɓewa,
sannan ya ɗago ya dube ni sosai.

"Ke ce Hajiya Taku-uku.
Baba ya ce za ki taɓa kowane kashi,
ki ce ya yi tsada, ki juya,
ki yi taku uku, ki dawo."

Ashe mu ma muna cikin littafin.
Shekara goma sha ɗaya ina da suna a kasuwa,
ana kira na da shi bayan na ba da baya.

Ya ƙulla leda, ya kwance,
ya jefa albasa biyu, gyara.

A Keke Napep, daga nan har Unguwar Sanusi,
tana kan cinyata cikin ɓawonta.
Ko wuƙa ban sa mata ba
ta fara aikinta.